Man kashe zafi kafin gwajin tarin fuka na fata: in shafa wa yarinyata ko in bari?

Maman Biyu:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ma'aikatan asibiti da iyayen da suka taɓa shiga irin wannan hali, shawara nake nema kafin ranar Litinin.

Ƙanin maigidana yana zaune tare da mu tun da ya fara karatu. Ɗakinsa na zaure ne, amma cin abinci da kallo da hira duk a falo ɗaya muke yi da yara, ƙaramin ma kusan kullum a cinyarsa yake yin barci. Ya daɗe yana tari muna ta sayen maganin tari a kemis, sai da rama ta bayyana, ga gumin dare har filo ya jiƙe, sannan aka kai shi asibiti. Aka gwada kakinsa a na'urar GeneXpert, aka ce tarin fuka ne. Ya fara shan magani, alhamdu lillahi har bakinsa ya buɗe yana cin abinci.

To likita ya ce a kawo yaran gidan a duba su. Babbar shekararta 7, ƙaramin shekara 2 da 'yan watanni. An rubuta mana hoton ƙirji da wani gwaji na fata mai suna Mantoux, wai allura ce za a yi a hannu, a dawo bayan kwana biyu ko uku a duba wurin.

Babbar ce damuwata. Bara ta kwanta asibiti, aka sha wahalar samun jijiyarta, aka soke nan aka soke can, sai da aka taru aka danne ta tana kiran sunana. Tun daga lokacin ko warin sifirit ta ji sai jikinta ya hau rawa. Jiya da ta ji muna maganar asibiti da babanta ta ƙi cin tuwo, ta shige bayan ƙofa. Wallahi ba na son a sake danne min ita.

Wata ƙawata ta ce akwai man shafawa, EMLA, da yake kashe zafin allura. Na tambaya a wani babban kemis sun ce akwai, da tsada amma zan iya saya. Shin yana aiki ga wannan allurar? Ba zai ɓata sakamakon gwajin ba? Kuma ƙaramin ma zan iya shafa masa?

Ummu Jarumi:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba ƙanin naku lafiya, ya tsare yaran.

Ɗana sikila ne, ni da wannan man mun saba. Yana aiki sosai wajen sa kanula da ɗibar jini. Ba murza shi ake yi ba, a tula shi ake yi da kauri a kan wurin, a rufe da ledar da take zuwa da shi, a bar shi awa guda cur. In kika cire a minti ashirin kin yi asarar kuɗinki. Da an goge za ki ga fatar wurin ta yi fari-fari, wani lokacin kuma ta yi ja daga baya. Nawa yaron yana kallo ake soka masa, ya ce taɓawa kawai yake ji.

Amma ban taɓa sa masa don gwajin fata ba, gara ki jira masu aikin su yi magana. Abin da zan ce miki kawai, kada ki bari kowa ya ce miki shagwaɓa ce. Yaron da aka taɓa dannewa ba ya mantawa. Na ga yaran da suka girma suna ɓoye ciwo don kada a kai su asibiti, har sai abu ya yi nisa.

Sistar DOTS:

Maman Biyu sannu da ƙoƙari. Kawo yaran da za ki yi shi ne babban abu, gidaje da yawa sai mun yi ta bin su da waya. Ni nas ce, a sashen tarin fuka nake aiki, kuma wannan allurar da hannuna nake yin ta. Shawarata kada ki shafa. Bari in gaya miki dalili dalla-dalla, don in kin gane yadda gwajin yake ke da kanki za ki ga inda matsalar take.

Wannan allura ba irin wadda aka yi mata bara ba ce. Ba a neman jijiya, ba a shiga tsoka. Sirinji ne ƙarami mai siririn baki, a kwantar da shi kusan a jikin fata, a shigar da bakin kawai cikin fatar cikin hannu tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu, a tura ruwa 0.1 na mililita. Ɗigo ne. Ruwan sunansa tuberculin, ba ƙwayar cuta mai rai ba ce, ba ya sa wa yaro tarin fuka. In an yi daidai wurin zai taso fari kamar cizon sauro, faɗinsa milimita 6 zuwa 10, ba da jimawa ba ya baje. Akwai ɗan raɗaɗi lokacin da ruwan yake buɗa fatar, ba zan ɓoye miki ba, amma kafin ki ƙirga goma an gama.

Aikin gaske yana bayan awa 48 zuwa 72. Idan jikin yaro ya taɓa haɗuwa da ƙwayar cutar, sojojin jikinsa za su taru a wurin, fatar ta yi tauri. Taurin nan muke aunawa. Ja ba ya cikin lissafi ko da ya kai tafin hannu. Da yatsa muke lalubawa, wasu su ja layi da biro daga gefe har sai biron ya tsaya a bakin taurin, sannan a ɗora rula a rubuta milimita nawa ne. A yaro mai lafiya, 10 zuwa sama shi ne ake cewa ya nuna. A yaro mai cutar HIV ko mai tamowa mai tsanani, 5 ma ya isa.

Kin ga ke nan tsakanin 8 da 11 milimita uku ne kacal, amma su ne za su iya raba yarinyar da za a sallama da wadda za ta sha magani wata da watanni. Shi kuwa wannan man, kamar yadda Ummu Jarumi ta gani da idonta, yana canza fatar wurin. Yana matse ƙananan jijiyoyin jini fatar ta yi fari, daga baya su saki ta yi ja, wasu yaran kuma wurin ya ɗan kumbura. A kan kanula wannan ba komai ba ne, jijiya muke nema. A nan kuwa ita fatar ce ma'aunin. Ƙa'idojin tarin fuka na ƙasar Kanada sun hana amfani da irin wannan man kafin gwajin, saboda kumburin da yake iya kawowa ana iya ɗaukarsa a matsayin sakamako. In sakamako ya zo da shakku, abin da zai biyo baya shi ne a ce a sake. Allurar da kike gudu guda ɗaya ta zama biyu.

Abin da nake so ki yi ranar Litinin: ki zauna ke a kujera, ki ɗora ta a cinyarki tana fuskantar gefe, hannunki ɗaya ya zagaye bayanta kamar runguma, hannun da za a yi wa ya kwanta a kan tebur. Kada a kwantar da ita a gado. Kwanciyar nan da mutane a tsaye a kanta ita ce take dawo mata da abin bara. Ki gaya wa nas ɗin tun a ƙofa cewa yarinyar tana da tsoro kuma ga dalili, ki roƙi a haɗa sirinji a gama kafin ku shigo don kada ta zauna tana kallon ana zuƙa. Yawancinmu in an gaya mana muna yi. Ƙaramin in bai daina shan nono ba ki ba shi ana yi. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawararta ta 2015 kan rage zafin allurar rigakafi abubuwan da ta sa gaba ke nan: uwa a kusa, riƙe yaro a jiki, nono, da ɗauke hankali.

Sai maganar ƙaramin, wadda ta fi ta man muhimmanci a wurina. Yaro ɗan ƙasa da shekara 5 da ya zauna gida ɗaya da mai tarin fuka na huhu, in likita ya duba ya tabbatar bai kamu da ciwon ba, ana ɗora shi a kan maganin kariya ko da gwajin fata bai nuna komai ba. Ko isoniazid na wata 6, ko haɗin isoniazid da rifampicin na wata 3. Dalili shi ne a ƙananan yara cutar ba ta tsayawa a huhu, tana iya hawa ƙwaƙwalwa ta zama sanƙarau, kuma da sauri. Shi da yake barci a cinyar kawunsa, don Allah kada ki fito daga asibitin nan ba ki tambayi wannan maganin ba. Kyauta ne a cibiyoyin DOTS, wato wuraren ba da maganin tarin fuka. In an yi miki yawo da hankali, akwai layin kyauta na shirin yaƙi da tarin fuka na ƙasa, 3340.

Maman Biyu:

Sista na gode, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa babansu, ya ce to a bar man. Amma akwai abin da ya ɗaure min kai. Dukansu an yi musu BCG, allurar rigakafin tarin fuka, tun suna jarirai, ga tabon nan a kafaɗarsu. Wata maƙwabciyata ta ce duk wanda aka yi wa BCG dole gwajin ya nuna, wai ɓata lokaci ne. Kuma yaro lafiyarsa ƙalau yana gudunsa, a ce ya sha magani wata uku ko shida? Kakarsu ba za ta yarda da sauƙi ba, ta riga ta fara cewa asibiti sun cika neman ciwo inda babu.

Malam Mai Kemis:

Hajiya, ni harhaɗa magunguna na karanta, bari in tsoma baki a kan shi man ɗin, saboda wasu za su karanta su je su saya don wata allurar daban.

EMLA haɗin magani biyu ne, lidocaine kashi 2.5 cikin ɗari da prilocaine kashi 2.5 cikin ɗari. Magani ne sosai, ba man gyaran fata ba, yana ratsa fata ya shiga jini. Shi ya sa yake da iyaka gwargwadon shekaru. Jariri ɗan ƙasa da wata 3 ba a wuce giram 1, ba a kuma wuce awa guda. Daga wata 3 zuwa shekara ba a wuce giram 2. Ba a sa shi a kan ciwo ko fatar da ta tsage ko ƙuraje, kuma a kula kada yaro ya ɓare ledar ya kai baki ko ido. Shi prilocaine in ya yi yawa yana iya hana jini ɗaukar iskar numfashi yadda ya kamata, ki ga leɓen yaro da farcensa sun yi duhu-duhu. Haɗarin ya fi yawa ga jarirai, da masu ƙarancin wani sinadarin jini da ake kira G6PD, ƙarancin da yake da yawa a cikinmu musamman maza kuma da yawa ba su san suna da shi ba, da yaron da yake shan magani mai salfa irin Septrin. Kada kuma wani ya ce ai man basir ko feshin haƙori ma yana kashe zafi ya ɗauko ya shafa wa yaro.

A kan gwajin fatar, na ɗan sha bamban da Sista kaɗan. Binciken da aka yi a kan ko man yana canza sakamako ƙanana ne, kuma bakinsu bai zo ɗaya ba. Don haka in akwai yaron da tsoronsa ya kai ba za a iya tsayar da hannunsa ba sam, ban ga laifi likita ya yanke shawarar a sa ba, da saninsa, a rubuta a kati don mai dubawa ya sani. Hannun da yake fizgewa shi ma yana ɓata gwaji, ruwan ya zube waje ko ya shige ƙarƙashin fata, dole a sake a wani wuri. Abin da ban yarda da shi ba shi ne uwa ta shafa a gida ta goge, ta zo ta yi shiru. A nan ni da Sista bakinmu ɗaya.

Akwai kuma gwajin jini, QuantiFERON, wanda BCG ba ta shafarsa kuma ba sai an dawo dubawa ba. Sai dai yana da tsada, ba ko'ina ake yi ba, kuma jijiya za a nema, wato abin da yarinyar take gudu. A can ne wannan man yake da amfani ba tare da wata jayayya ba.

Baban Yara:

Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, direba ne, amma an yi wa yarona wannan gwajin lokacin da mahaifina ya yi ciwon. Abin da ya taimake mu, ban yi masa ƙarya ba. Da daddare na ce masa gobe za a yi maka allura ƙarama a nan, na nuna masa wurin, zai yi zafi kaɗan, ina riƙe da kai. Na ba shi zaɓi, ko ya kalla ko ya kalli waya. Ya zaɓi waya. Nas ɗin ta ce ya hura iska kamar yana kashe fitila, yana cikin hurawa ta gama. Ya yi ɗan ƙara, hawaye ya zo, shi ke nan.

Mu iyaye ma da laifinmu. Yaro ya ƙi wanka, za a kai ka a yi maka allura. Ya ƙi makaranta, ga likita nan zuwa da allura. To ranar da allurar gaske ta zo me kake so ya yi? Hajiya ki hana kowa a gidan faɗin haka daga yau zuwa Litinin, har 'yan aiki da yayyen unguwa.

Maganar kaka kuwa, babansu ne zai je ya same ta, ba ke ba. Ya ce mata ɗanta da take gani yana warkewa, shi ma da an kama da wuri da bai rame haka ba.

Sistar DOTS:

Malam Mai Kemis ban ƙi taka ba, in likita ne ya ce kuma an rubuta. Amma a aikina yaran da runguma da gaskiya suka kasa tsayar da su ba su da yawa.

Maman Biyu, maganar maƙwabciyarki rabi ce. BCG tana iya sa wurin ya ɗan taso, amma wadda aka yi tun haihuwa tasirinta a kan gwajin yana raguwa da shekaru. Yarinya 'yar shekara 7 da take zaune da mai ciwon, in taurinta ya kai 10 ba ma cewa BCG ce, muna ɗaukarsa da gaske. Ita BCG amfaninta kare jarirai daga mummunan nau'in cutar, ba ta hana kamuwa gaba ɗaya.

Ki kuma sani nunawar gwajin ba ta nufin yarinya tana da ciwon ko tana yaɗa shi. Tana nufin ƙwayar ta shiga jikinta. Hoton ƙirji da dubawar likita su ne za su raba tsakanin wadda ƙwayar take kwance a jikinta da wadda ciwon ya tashi. Haka nan rashin nunawa ba ya nufin ƙwayar ba ta shiga ba. Jiki yana iya ɗaukar har mako 8 bayan kamuwa kafin ya fara amsawa, shi ya sa wani lokaci likita zai ce a maimaita nan gaba. Ƙyanda, ko allurar rigakafin ƙyanda da aka yi cikin mako 4 zuwa 6 da suka wuce, da tamowa, da magunguna irin prednisolone, duk suna iya danne sakamakon. In akwai ɗaya daga ciki ki faɗa wa likita kafin a yi. Ki riƙa lura da tarin da ya wuce mako biyu, zazzaɓin da ya ƙi tafiya, rama ko tsayawar nauyi, kaluluwa a wuya, da yaro ya daina wasa.

Litinin rana ce mai kyau, dubawa za ta faɗo Laraba ko Alhamis. Wuraren da ba sa aiki ƙarshen mako shi ya sa ba sa yin gwajin ranar Alhamis.

Maman Biyu:

Salam. An yi jiya, ban shafa komai ba. A cinyata ta zauna, ta yi kuka tun kafin a taɓa ta, amma ba wanda ya danne ta, kuma ita ta miƙa hannun da kanta. Ƙaramin an duba shi, hotonsa lafiya, an ba mu maganin wata 3 mai narkewa a ruwa. Babansu ya yi magana da kakarsu, ta ce Allah ya sa a dace.

Yanzu ga abin da ya tayar min da hankali. Yau da safe wurin na babbar ya yi ja, ya fi faɗin kwabo, tana ta son sosawa. Na ɗan taɓa kamar akwai tauri a tsakiya. In shafa mata man zafi ko basilin? In rufe da filasta saboda Islamiyya? Wanka fa?

Sistar DOTS:

Madalla, ki gaishe min da ita, ki ce Sista ta ce ta yi ƙoƙari.

Kada ki shafa komai, ba man zafi, ba basilin, ba man ƙaiƙayi, musamman masu hydrocortisone. Kada ki sa filasta, gam ɗinsa kansa yana sa fata ja. Ta yi wankanta yadda ta saba, a dai bar wurin ba a dirza da soso ba, a tsane shi da tawul a hankali. In ƙaiƙayin ya dame ta ki jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi ki ɗora. Ki yanke mata farce, ki sa mata riga mai dogon hannu zuwa Islamiyya don kada yara su yi ta taɓawa.

Abin da kike gani yau bai zama sakamako ba, awa 24 ne kawai, kuma ki daina latsawa. Wani ja na ranar farko yana bajewa, wani taurin kuma sai rana ta uku yake cika. In wurin ya yi ƙuraje masu ruwa kada ki fasa, ki nuna wa mai dubawa, shi ma ana rubuta shi. In kin ga kumburin fuska ko numfashi yana mata wuya, wannan asibiti ne nan take, amma da wuya ƙwarai ake ganinsa.

Ki kai ta gobe Laraba ko jibi Alhamis da safe, kada ya wuce awa 72, kuma kada ki yarda da a duba ta hoton waya, sai an taɓa da hannu. Ki ce a rubuta miki adadin milimita a katin, ba kalmar ya nuna ko bai nuna ba kawai. Fitsarin ƙaramin zai iya yin ja-ja saboda rifampicin, maganin ne, ki ci gaba da ba shi kullum da safe kafin ya karya.